Daga Jiminun Kelle Zuwa Tekun Senegal

Kwana shida na yi a hanya kafin in sauka tashar Mbur ta ƙasar Senegal, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tijani na tsaye yana jirana, da baƙin tabarau da riga mai hoton bishiyar kwakwa. Ɗan Gidigir ne, mun san juna tun a kasuwar Gure, kuma shi ya kira ni ta waya ya ce wani gandun namun daji a can yana neman wanda ya san jimina. Ni kuwa shekara bakwai na yi ina lebura a wurin kiwon jiminu na Kelle, ina yankan ciyawa, ina share garke, ina gadin ƙwai. Aikin na lokaci ne, ya zo ya ƙare, gona kuma ba ta ba da abin da zai kai mu bazara ba.

"Kyari, ka iso ƙasar arziki," in ji Tijani yana girgiza hannuna. "Kawo takardunka in kai ofis a rubuta sunanka."

Na zaro su daga aljihun ciki na miƙa masa, ban ko yi tunani ba. Abin da ke raina ɗaya ne, in ga teku.

Kafin in gan shi na ji shi. Na zaci kamiyo ne, babbar motar kaya, ke wucewa, sai dai kamiyon ya ƙi gama wucewa. Da muka fito daga lungun ƙarshe sai ga ruwa ya tare gabana gaba ɗaya, yana tasowa yana faɗuwa kamar ana girgiza tabarma. Na ja da baya. Tijani ya yi ta dariya.

"Yaya Tijani, ina ƙarshensa?"

"Amurka."

"Kuma duk na sha ne?"

"Ɗanɗana ka ji."

Na duƙa na ɗebo a tafin hannu. Na tofar, na sake ɗebowa don in tabbatar. Duk ruwan nan, ko akuya ɗaya ba zai shayar ba! Na daɗe a tsaye ina kallon kwale-kwalen masunta, dogaye, an shafa musu launi kamar kwanukan amarya, maza na tura su cikin igiyar ruwa ba wanda ke waiwaye.

Washegari da safe Tijani ya shiga da ni bayan gidansa a Sali, garin otal-otal da ke kusa da Mbur. Ban ga jimina ba. Raƙuma ce ɗaure a gindin katanga, ramammiya, da sirdi mai tuntaye ja da kore. Ya miƙo mini shuɗiyar riga da dogon rawani.

"Sa waɗannan. Daga yau sunanka Musa, daga Agadas kake, an haife ka a bayan raƙumi. Turawa na son haka."

"Gandun fa?"

"Mako biyu kawai, kafin su gama takardu. Ka riƙe wannan tukuna."

Haka na zama mai jan raƙuma a bakin teku. Ban taɓa naɗa rawani irin na Buzaye ba, kullum sai ya warware mini a tsakar aiki. Amma ba zan ɓoye ba, kwanakin farko kallo ya ɗauke mini hankali. Mutane sun biya kuɗin jirgin sama daga ƙasashensu don su zo su kwanta cikin rana, ranar da mu muke gudu. Suna shafa mai, su juya ciki, su juya baya, sai sun yi ja kamar kilishi. Wani tsoho kullum yakan shiga ruwa har wuya, ya tsaya kawai yana kallon sama. Wata mata ta tambaye ni da Faransanci ko ina kewar hamada. Na ce mata yashin garinmu ya fi wannan laushi, ta rubuta a ɗan littafinta kamar na faɗi wani abu mai nauyi.

Raƙumar ce ta fara damuna. Ruwan gishiri da jiƙaƙƙen yashi sun tsattsaga mata tafin ƙafa, sirdin ya ci mata baya, abincinta kuma ragowar burodi da ganyen salati daga otal. Raƙumi ƙaya yake so. Sai na riƙa janta da tsakar rana, lokacin da baƙi ke cin abinci, in kai ta bayan gari inda na gano 'yan itatuwan gawo. Ranar da Tijani ya gane, ya yi mini faɗa a gaban mutane, ya ce ba kiwo ya kawo ni ba.

Akwai wata dattijuwa mai gasa kifi kusa da inda nake ɗaure raƙumar, ana ce mata Mam Kumba. Faransancinta da nawa duk na lakwal ne, makarantar bokon da ba a gama ba, amma muna fahimtar juna. Ran nan ta ga ina cin busasshen burodi, ta turo mini kwano, shinkafa ja da kifi da kabeji.

"Ci, ɗana. Daga ina kake?"

"Daga Gure."

"Gore? Tsibirin nan na gaban Dakar? Kai da ka ga ruwa kake gudu?"

Na yi mata bayani cewa tamu Guren tana Nijar, kuma ruwanmu a rijiya yake, sai an ja da guga. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen ɗankwali. Sai ta tambayi sunana na gaskiya, na faɗa mata, na kuma ba ta labarin gandun da nake jira. Dariyar ta tsaya.

"Yau kwananka nawa?"

"Wata ɗaya da kwana huɗu."

"Ɗana, kai ne Musa na huɗu da na gani da raƙumar nan. Ɗaya likitan mota aka ce masa zai zama, ɗaya mai gadin banki. Babu wani gandu. Takardunka suna ina?"

Na ajiye kwanon. Da yamma na tari Tijani na ce ya ba ni takarduna. Ya ce suna ofis. Na ce wane ofis, in je da kaina. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Ka je mana. Jandarman farko da ya tsayar da kai ba takarda, ka san inda za ka kwana. Kyari, ka ci, ka sha, me kake nema kuma?"

Na juya na bar wurin. A gida matata na da ciki, kuma duk unguwa an san na tafi aikin jimina. Na rasa ta inda zan fara.

Da na faɗa wa Mam Kumba, ta ci gaba da juya kifinta. Washegari da hantsi sai ga ta da mata kusan goma sha biyu, duk masu sayar da kifi, kowacce da bahonta a kai. Suka zazzauna a ƙofar gidan Tijani suka sauke kaya, suka fara fere kifi a nan, suna magana da yarensu na Wolof da ƙarfi yadda duk layin zai ji. Ƙudaje suka taru. Maƙwabta suka leƙo. Mai otal ɗin da ke daura da gidan ya aiko a tambayi lafiya. Ba a yi awa ɗaya ba Tijani ya fito, ya jefo mini leda, takarduna na ciki, ko ofis ba su taɓa gani ba.

"Ɗan ƙasarku ne fa ni," ya ce da Hausa, a hankali.

"Shi ya sa na ba ka su ban tambaya ba," na ce.

Na cire rawanin na ajiye a kan katanga. Raƙumar tasa ce, ba yadda zan yi. Na wanke mata ƙafafu da ruwan famfo, na shafa mata man kaɗe a bayan da ya ci, na tafi. Har yau ban san abin da ya same ta ba.

Mam Kumba ta sa ni a mota zuwa kudu, wurin ƙanenta Ablayi, mai kwale-kwalen inji da ke yawo da baƙi cikin tsibiran Salum. A Jowal motar ta lalace, aka ce sai bayan la'asar. Na bi wasu mutane na hau wata doguwar gadar katako zuwa tsibirin Fajut. Garin nan ba ƙasa a cikinsa, duk ɓawon katantanwar ruwa ne fari, titi da tsakar gida, kana tafiya yana ƙaras-ƙaras ƙarƙashin ƙafarka. Ɓarawo ba zai ci abinci a garin ba. Wata gadar kuma ta kai ni maƙabarta, tudu guda na ɓawo da itatuwan kuka, Musulmi da Kirista kwance a wuri ɗaya. Na yi wa namu addu'a, na tsaya ina mamakin yawan abin da mutane suka ci tun kaka da kakanni har ɓawonsa ya zama gari.

Ablayi dogo ne, ba ya son magana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ka iya iyo?" Na ce ko a tafki ban taɓa ba. Ya ɗaura mini wata riga mai kumfa da ke hana nutsewa, ya ba ni rabin jarka ya nuna ruwan da ke taruwa a gindin jirgin. Aikina ke nan, kwasar ruwa, ɗaukar jakunkunan baƙi, da riƙe igiya in an zo gaɓa.

Mako na farko amai na yi ta yi, baƙi na ɗaukar hoton tsuntsaye, ni kaina na rataye a gefen jirgi. Da cikina ya zauna sai idona ya buɗe. Salum ba teku ba ne sosai, ba kuma kogi ba, hanyoyin ruwa ne da suka sarƙe cikin daji, itatuwan suna tsaye cikin ruwan gishiri a kan saiwoyinsu kamar sun ɗage wando. Sau biyu a yini ruwa ke janyewa ya bar laka, mata su fito da wuƙaƙe suna ɓamɓaro katantanwa daga jikin saiwa, sannan ya dawo ya rufe komai.

"Ablayi, ina yake zuwa in ya tafi?"

"Wata ne ke jansa."

"Watan sama?"

"Kana da wani?"

Ban yarda ba sai da na bi lissafin kwanakin wata da kaina, na ga ruwan ya fi cika in wata ya cika da kuma in ya ɓace. Na ga tsuntsayen kwasa-kwasa sun jeru suna kora kifi kamar masu farauta. Na ga wasu tsuntsaye masu dogon wuya, launinsu ja-ja fari-fari, suna tsaye da ƙafa ɗaya. Wata rana wasu manyan kifaye masu numfashi ta ƙeya suka bi jirginmu suna tsalle, Ablayi ya ce ba a kama su, kuma nono suke ba 'ya'yansu. Wannan kam na ajiye shi, na san in na faɗa a Gure za a ce na fara ƙarya.

Abin da ya fi tuna mini gida shi ne ƙishirwa. A wasu tsibiran ruwan sha a jarka ake kawo shi, mata na layi suna faɗa a kan wadda ta riga zuwa, daidai da rijiyar unguwarmu. Sai kuma fura. Kifi da safe, kifi da rana, har na fara jin ƙarninsa a zufata. Na taɓa dama garin gero da madarar gwangwani na zauna bayan ɗaki ina sha, Ablayi ya zo ya ɗanɗana, ya mayar mini da kofin.

A wata na huɗu wasu baƙi shida suka ce suna son ganin namun daji. Ablayi ya sauke su a gaɓa, ya ce in bi su da kayansu. Motar buɗaɗɗiya ta kai mu wani ƙaramin gandu can cikin tudu, ba cikin manyan da aka sani ba, na wani mai zaman kansa. Akwai raƙuman dawa uku, jakunan dawa, barewa, da gadu masu gudu da wutsiya a sama. Baƙi na ta ihu. Ni ma na yi, don ban taɓa ganin jakin dawa ba, kuma na so in taɓa shi in ji ko zanen yana goguwa.

Sai na ji wani gurnani daga nesa, mai zurfi, kamar ana busa cikin tulu. Wani baƙo ya ce zaki. Ni kuwa na gane muryar. Namijin jimina ne.

Direban ya matsa da mota har kusa da wata kuka. Ga macen kwance a kan ƙwai, ta miƙe wuya a ƙasa. Ƙarar inji ta tashe ta, ta bar ƙwan a rana. Kafin kowa ya ankara wata baƙuwa ta sauka da na'urar hoto ta nufi gurbin. Na hangi namijin yana tahowa daga hagu, wuyansa da ƙafafunsa sun yi jawur, ya buɗe fukafukai yana kaɗa su ɗaya bayan ɗaya. Na san wannan tafiyar. A Kelle na ga irinsa ya tsaga wa mutum cinya da farce ɗaya.

Direban ya yi ta danna oda. Na diro, na fizgi wani busasshen reshen ƙaya da ke ƙasa, na ɗaga shi sama da kaina na shiga tsakaninsu.

"Kwanta! Kwanta ƙasa, rufe kanki!" na daka mata tsawa.

Ta kwanta. Jimina gaba yake shuri, kuma yana tsoron abin da zai taɓa masa ido. Ya zo har ina jin hucinsa, ya tsaya, ya kai sara, na tare da ƙayar. Ya zagaya, na zagaya da shi. Ƙaya ta shige mini tafi, amma ban sauke ba. Na ce wa matar ta ja ciki zuwa mota. Da aka janye ta ciki na riƙa ja da baya da kaɗan-kaɗan, ban juya masa baya ba har na taka ƙarfen motar.

Mai kula da gandun wata likitar dabbobi ce, Madam Ayisatu, 'yar siririya mai takalmin soja. Bayan ta lallashi baƙuwar ta yi wa direban abin da ya dace, ta sa aka kira ni.

"A ina ka koyi wannan?"

Na faɗa mata.

"Shekara uku suna yin ƙwai, ko ɗaya bai taɓa ƙyanƙyashewa ba. Na karanta duk abin da na samu. Kai me ka gani?"

"Madam, in faɗi gaskiya?"

"Don ita na kira ka."

"Motarku ce. Duk zuwan da ta yi sai uwar ta tashi, rana ta dafa ƙwan. Kuma na ga an jera su tsaf, an goge su. Wa ke taɓawa?"

Ta ce ma'aikata ne, in sun ga ƙwai a wajen gurbi sai su wanke su mayar ciki.

"Ita ta fitar da su da gangan. Ta san iya wanda cikinta zai rufe. In an mayar, duka za su lalace."

Ta bubbuga biro a tebur. Sannan ta ce rufe wannan hanyar zai ɓata wa mai gandun rai, don jimina a kan ƙwai shi baƙi suka fi so. Ta ba ni damar gwaji a sheƙa ɗaya, zubin ƙwai guda. In ba a samu komai ba, in koma jirgina.

Na je na sallami Ablayi. Ya ce, "Da ma ba ka iya kwasar ruwa ba," ya cusa mini busasshen kifi a jaka.

Waɗancan ƙwan sun riga sun mutu, muka kwashe. Bayan mako uku macen ta sake zubawa. Na tare hanyar da ƙaya, na yi wa kaina 'yar rumfa a nesa, na zauna korar birai da karnukan daji. Mako shida ake jira. A cikinsu aka yi mini waya cewa matata ta sauka lafiya, mace, aka raɗa suna ba ni nan. Mai gandun ya zo sau biyu yana tambayar wane ne wannan da ya rufe masa hanya. A zuwa na biyun Madam ta ce masa saura kwana tara, ya ce tara ɗin ne kawai.

Ranar ta cika ba abin da ya motsa. Washegari ma haka. Madam ta zo rumfata da safe ta tsaya, na kasa kallonta. A rana ta uku, wajen hantsi, na ga uwar ta miƙe tana kallon ƙarƙashinta, tana taka ƙafa a hankali kamar mai tsoron fasa tulu. Na karɓi madubin hangen nesa na Madam. Ga wani abu jiƙaƙƙe, mai gashi tsaye kamar bushiya, yana tangaɗi tsakanin ƙwan. Kafin la'asar sun zama bakwai. Madam Ayisatu, da duk karatunta, ta zauna dirshan a ƙasa tana dariya tana cewa, "Dubi ƙafafunsu! Dubi ƙafafunsu!"

Shekara biyu na yi a gandun kafin in samu hutun zuwa gida. Na sayo atamfa, na sayo wa 'yata takalmin da ya yi mata kaɗan, don ban san girmanta ba. A ranar tafiya na biya bakin teku na cika kwalba da ruwansa, saboda Baba Mai Kalla, wan mahaifina, tsohon makiyayin da bai taɓa wuce Damagaram ba.

Na same shi a zaure da abokan hirarsa. Na ba su labarin garin ɓawo, da ruwan da wata ke ja, har da kifin mai shayar da nono, suna ta salati, wasu na kallon juna. Sannan na fito da kwalbar. Baba ya ɗaga ta a haske, ya girgiza, ya buɗe ya shinshina. Ya kurɓa kaɗan, ya juya a baki kamar mai sayen zuma, ya haɗiye.

"Kyari, wannan ne mutane ke ƙetare duniya su je gani?"

"Shi ne, Baba. Amma yawansa ne abin kallo."

"To, gishirinsa ba laifi. Bai dai kai kanwar Gidigir ba."

Ya miƙe da sandarsa, ya shiga cikin gida ya juye kwalbar a kwamin ruwan awakinsa. Muna tsaye suka shanye tekun tas, suka ɗago kai suna neman ƙari.